Mutumin Da Ke Tsaye A Ƙarƙashin Ruwa

Shafi na 23

Gaisuwa ga masu bina da gaskiya, da ku masu leƙe ku wuce ba sallama.

Wani ya rubuto a ƙasan shafin jiya, wai tsohon nan shara ta yake yi, babu na'urar da za ta shekara biyar a kunne ba ta ƙone ba. Malama Comfort maƙwabciyata ta karanta mini. Na ba ta amsar da ta dace da shi, ta ce ita ba za ta danna wannan kalmar da yatsanta ba, tana cikin mawaƙan coci. To, yaro, ka ci albarkacinta.

Ni Jalo ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya. Da baki nake faɗa, ita take dannawa. Amma ina cajin batir a unguwar Ɗan Iya tun ubanka bai san ƙofar gidan su uwarka ba. In za a canja batir ba a cire tsoho sai an fara haɗa sabo a gefensa, wuta ta kama, sannan a zare. Na'ura ba ta ma sanin an taɓa ta. Je ka tambayi masu takarda ko sun koya maka wannan.

Sababbin zuwa, ba zan koma farko saboda ku ba. Ga shi a dunƙule.

Ɗana na fari, wanda ake kira Ɗanlarai, direban babbar mota ne. Ya tafi ɗauko kifi can wajen tafki. An tsinci motar a gefen hanya, ƙofa a buɗe, shi ba a gan shi ba. Ba gawa, ba labari.

Safiyar da zai tafi ya jawo tsohuwar na'urar da ta rage daga gidan gem ɗin da na taɓa buɗewa, inda yara ke wasa a talabijin, ya sa kaset ɗin da yaran unguwa suka laƙaba wa Ɗan Tsalle. Wani ɗan mutum ne mai farar riga da gora a baya, yana tsallake ramuka da kunamu. A cikinsa akwai wani ɓoyayyen wuri a ƙarƙashin ruwa. Yaran Bauchi sun ƙare yatsunsu suna nemansa, daga Wunti har Shadawanka, ɗana kaɗai ya taɓa shiga, tun yana ɗan gajeren wando. Amma bai taɓa samun mafita ba.

Ran nan ya nutsa fiye da kullum. Sai ga yaron motarsa yana danna oda a waje. Ya tsayar da wasan, ya ajiye abin dannawa, ya ce, "Baba, na hango hasken ƙofa. Kada a kashe. In na dawo zan fita."

Irin na'urar nan ce da ba ta riƙe komai a kanta. Ka kashe, komai ya koma farko.

Shi ya sa ban kashe ba.

Waɗanda suka karanta shafi na tara kun tuna abin da ya faru bayan an yi mini aikin ƙaba. Na dawo daga asibiti, na buɗe ɗakin batir, na kunna talabijin don in gaisa da mutumin. Ɗanlarai ya bar shi yana kallon hagu, wajen bango. Ran nan na same shi yana kallon dama, wajen ƙofa. Ba wanda ya taɓa shi, ya juyo da kansa. Na ce alama ce, yaron nan ya juyo da fuskarsa gida. Na yanka rago, unguwa ta ci, kuma na tsayar da Mahfuz, kawun matar ɗana, da ke shirin kai maganarta gaban alƙali.

Yau labarin ranar Litinin ɗin da ta wuce ne. Ku gyara zama, ba mai daɗi ba ne.

Bayan la'asar ina ɗakin batir, na gama haɗa sabo, ina goge kawunan da tsumma. Talabijin a kunne, ruwan nan shuɗi ya cika ɗakin. Sai na ji motsi a bakin ƙofa.

Jannatu ce, matar Ɗanlarai. Ta durƙusa a kan dokin ƙofa, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Na ɗauka abinci ne, na ce ta ajiye a zaure. Ba ta tashi ba.

Ku sani, yarinyar nan tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ita ke dafa mini, ita ke wanke mini kaya, masarta ce ke riƙe da rabin gidan. In tana da magana, ta bakin Comfort take aikowa. Ranar sai ga ta da bakinta.

Ta ce Kawu na hanya daga Tirwun.

Na ce ya zo mana, gidan baƙonsa ne? Babarbare dai ba ya zuwa sai ya ji ƙanshin miya.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ya aiko mata cewa yau zai tambaye ni tambaya ta ƙarshe. In na ce alamar tana nan, shi ya wanke hannunsa, ba zai kai ta gaban alƙali ba, don ya ci naman ragon nan a gaban jama'a, ya ce ya yarda, ba zai dawo ya zama mai baki biyu ba. In kuma na ce babu, jibi su tafi kotu.

Na ce to me ya rage? Ga alama a gabanki. Ɗaga kai ki gani.

Ta ce, "Baba, malamai sun ce shekara huɗun da ake jira, ba a fara ƙirga ta sai ranar da aka kai magana gaban alƙali. Ni har yau ba a fara ƙirga mini ko kwana ɗaya ba."

Na ce ba a ƙirga wa mai miji kwana.

Sai na ba ta tarihi, don yaran yanzu ba su san da wa suke zaune ba. Na ce ni ɗin nan kwale-kwale ya kife da mu a madatsar ruwan Gubi, aka tsamo mutum uku a mace, ni ruwa ya tofo ni a cikin ciyawa. Rijiya ta rufta da ni a Tirwun, aka tono ni ina zagin mai rijiyar. Motar shanu ta faɗi da mu a hanyar Jos, labari ya riga ni zuwa gida, na iso na tarar an shimfiɗa tabarmar makokina, na zauna a kai na ce a miƙo mini goron. Wannan jinin ne a jikin mijinki. Mu ba a yi mana gaggawar makoki.

Ta bari na gama tsaf.

Ta ce, "Ku kwana biyu kuka yi, Baba."

Na ce kwana biyu da shekara biyar duk ɗaya ne a wurin Allah.

Ta ce haka ne. Na koma kan tsummana. Sannan ta ce akwai abin da take ɗauke da shi shekara uku, ya yi mata nauyi, tana roƙo in yafe mata kafin ta sauke.

Na ce in kuɗin masa ne ta riƙe.

"Na'urar nan ta mutu, Baba."

Na dubi ɗan jan hasken da ke gabanta. Yana nan raɗau. Na ce idonki ne ya mutu.

"Ba yau ba. Lokacin da kuke asibiti."

Na ajiye tsumman.

Ta ce kwana uku da kwantar da ni aka yi ruwa da iska da rana tsaka, kwanon ɗakin ya ɗage ta kusurwar can, ruwa ya zubo a kan wayoyin. Toma, mijin Comfort, shi na bar wa amanar batir. Ya shigo da gudu ya tarar hasken ya ɗauke. Ya busar da komai, ya sake haɗawa, na'ura ta tashi, amma wasan ya koma farko. Mutumin yana tsaye a kan tudu, rana na haskawa, babu ruwa ko ɗigo.

Ta ce Toma zama ya yi a ƙasa ya dafe kai, yana cewa shi ke nan, ya kashe tsoho. Likita kuwa ya riga ya gargaɗe su kada a kawo mini abin da zai tayar mini da hankali.

Na ce ƙarya ta ƙare a nan. In ta mutu, wa ya mayar da shi cikin ruwa? Duk Bauchi mutum ɗaya ya san ƙofar, kuma ba ya nan.

Ta ƙara jan gyale.

"Ni ce."

Dariya na yi, wallahi, har sai da na yi tari. Na ce ke da ko rediyo sai an kamo miki tasha.

Ta ce shi ya koya mata. Ba ta faɗi sunansa ba, ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce tun tana amarya, in na tafi masallaci, sai ya ɗauko na'urar ya kai ɗakinsu, su rage murya don kada in dawo in ji. Yana riƙe mata yatsu yana nuna mata. Ya ce mata sirrin nan ko abokansa bai ba ba, ita ce ta biyu a duniya.

Ni bai taɓa gaya mini ba. Ban tambaya ba, uba ba ya tambayar ɗa hanyar wasa. Amma ku rubuta ku ajiye, da na so da na gano ta da kaina.

Na ce to faɗi hanyar in ji.

Ta ce a gada ta uku akwai rami mai faɗi, kowa tsallake shi yake yi ya wuce. In ka tsallake, sai ka tsaya. Akwai hankaka da ke saukowa, kowa kauce masa yake yi. Kai kada ka kauce, ka bari ya buge ka. In ya buge ka jikin mutumin zai riƙa ƙyaftawa na ɗan lokaci. Kafin ƙyaftawar ta ƙare sai ka juya baya, ka faɗa cikin ramin da ka tsallake, kana danne da ƙasa. Kowane rami mutuwa ne, wannan kaɗai ruwa ne.

Ban ƙaryata ta ba.

Dalili shi ne wannan. Safiyar da zai tafi ina tsaye a bayansa da buta a hannu. Na ga hankakan ya buge shi, har na ce masa tsufa ya fara kama ka, ɗan tsuntsu ma ya gagare ka. Ya yi dariya, ya juya baya ya faɗa rami. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko a shafukan nan ban sa an rubuta ba.

Na dafa gwiwata ta hagu. Ciwon sanyi ne, tun faɗuwar motar shanu take damuna. Na jawo kujera na zauna.

Ta ci gaba, murya ƙasa ƙasa. Ta ce hannunta ya manta, ta yi ta faɗawa rami tana mutuwa. Ta daina masa, ta ce wa masu saye ba ta da lafiya. Da safe ta kai mini kunu asibiti, ta dawo ta zauna a nan har yamma. Babban yatsanta ya yi bororo, ya fashe, ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba. Ana gobe za a sallame ni ta shiga ruwan.

Ta ce ta yi ta nutsawa har ta kai dutsen nan mai tsaga inda ya bar shi. A saman talabijin akwai wani layi da ke nuna numfashin da ya rage wa mutumin, yana raguwa muddin ana cikin ruwa. Tana jira layin ya sauko daidai inda yake a da, sai wani kifi ya biyo ta, ta juya don ta kauce, layin ya kai, ta tsayar. Da ta duba sai ta ga ya juya dama. In ta sake shi don ta gyara masa fuska, numfashin zai ragu, in gane. Ta zaɓi ta bar fuskar, tana ganin tsoho da ya fito daga aiki ba zai lura da hagu da dama ba.

"Ko zama ba ku yi ba kuka gani," in ji ta. "Kuna bakin ƙofa kuka fara kabbara."

Na ce me ya hana ki magana a lokacin?

Ta ce ta buɗe baki, sai ta ga ina kuka. Ba kuka na yi ba, maganin asibiti ne ke sa ido ruwa, amma haka ta ce. Ta ce ta bari sai gobe. Gobe na aika a sayo rago. Jibi Kawu ya zo da shirin kotu, na kama hannunsa na kawo shi ɗakin nan na nuna masa, ya cire hula ya ce Allah mai iko.

"Ni na soya naman, Baba. Ban ci ba."

Na miƙe na leƙa ta katanga na kira Toma. Ya zagayo da sukundireba a hannu, yana cewa Baba lafiya, ko batir ne. Ya ga Jannatu a durƙushe, ya ga fuskata. Sai ya sa sukundireban a aljihu.

Na ce Toma, tsakaninka da Allahn da kake bauta wa, ranar ruwan nan hasken ya ɗauke?

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Baba, kwanon ne bai da kyau. Na gyara shi tun lokacin."

Na ce ba kwano na tambaye ka ba.

Ya ce in yi haƙuri, shi dai bai so in mutu a gadon asibiti ba.

Na ce tafi.

Kuma ita wannan da ke danna muku rubutun nan, ita ma ta sani. Tana zaune ta danna shafi na tara da hannunta, har da su rago da kabbara, ba ta ce mini uffan ba. Yanzu ma ga ta nan tana share hanci, wai mura. Rubuta, Malama. Rubuta yadda na faɗa.

Muka rage ni da Jannatu da mutumin.

Na dube shi da kyau. Farar rigar nan, goran nan, ƙafa ɗaya a ɗage. Kumfa uku a saman kansa da ba su taɓa fashewa ba. Kullum da safe ina ce masa ina kwana, bayan la'asar ina gaya masa wanda ya mutu da wanda ya haihu a unguwa. Ranar da ƙanwarsa ta haihu, shi na fara gaya wa.

Na ce mata mutumin ai shi ne dai. Ruwan shi ne, dutsen shi ne. Ko wa ya kai shi, yana inda yaron nan ya bar shi.

Ta ce, "Inda ya bar shi ya tafi da ruwan sama. Wannan inda na bar shi ne."

Na ce ke yarinya ce, ba ki san yadda alama take zuwa ba. Wa ya turo kifin? Wa ya juya hannunki daidai wannan lokacin, ba gaba ba, ba baya ba? Allah ba ya aiko da saƙo ta hannun mutum?

Ta ce ita ma ta riƙe wannan shekara guda tana lallashin kanta da shi. Daga baya ta daina iyawa.

Na ce wato miji kike so. Faɗi sunansa, waye? Mai kawo miki shinkafar masa ne?

Wannan maganar na faɗe ta, ba zan ɓoye ba, kuma duk wanda aka zare wa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa zai faɗi fiye da haka.

A karo na farko tun da na san ta, ta ɗago ta dube ni cikin ido. Idon a bushe yake.

"Ba aure nake nema ba, Baba. So nake in san ko ni wace ce. In na je biki, matan aure su matsa gefe kamar sun ga mai takaba. In na je makoki, masu takaba su ce ke ai naki yana nan. Ban haihu ba, ba a sake ni ba, ban yi takaba ba. Ko addu'a ban san wadda zan yi masa ba, ta mai rai ko ta mamaci."

Na ce ki yi masa ta mai rai.

Ta ce in alƙali ya fara ƙirga jibi, sai ta kai talatin da biyar kafin a ce mata wani abu. Ta yarda, za ta jira, a gidan nan za ta jira, tana dafa mini. In ya dawo cikin shekarun, ita ce mai rabo. Abin da take roƙo ɗaya ne, a fara ƙirgawa.

"Ba na ce ku kashe na'urar ba. Ku bar ta a kunne har ranar da kuka ga dama. Ku dai gaya wa Kawu babu alama."

Ku da kuke karantawa a kan katifa, abin da sauƙi a wurinku. Kalma biyu ce, babu alama. Amma ni na san abin da ke bayanta. Ranar da uba ya faɗi haka da bakinsa, ranar unguwa ke fara cewa marigayi. Liman zai fara sa sunansa a cikin waɗanda ake nema wa gafara. Masu gaishe ni da ina labarin direba za su koma cewa ya haƙuri. Ni na zauna a kan tabarmar makokina, na san yadda mutane ke saurin binne wanda ba su gani ba.

Kafin in ba ta amsa muka ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a waje, sai sallamar Mahfuz.

Na tashi na fita zaure. Ita ta wuce madafa.

Mahfuz ya shigo da sandarsa da carbinsa, yana cewa ina bawan nan nawa Bafillace, har yanzu bai mutu ba? Na ce sai na binne ka na gaji rawaninka na yi tsumman batir da shi. Ya ce Fulani dai ko a gari aka haife su warin nono ba ya barin su. Muka gaisa, ya tambayi gwiwa, na tambayi idonsa da ke neman rufewa. Ya ba ni labarin gyaɗarsa da ruwa ya yi wa yawa, da masu gine-gine da suka cinye gonakin Tirwun. Ina amsawa, ban san me nake amsawa ba.

Jannatu ta kawo ruwa da masa a faranti, ta durƙusa ta ajiye. Za ta tashi, ya ce ta zauna, maganar tata ce.

Ya ajiye carbi a cinya, wasa ya bar fuskarsa. Ya ce shi da ni mun wuce shekara arba'in tare, bai taɓa kama ni da ƙarya a kan abin da ya shafi rai ba, cika baki dai ne halina. Ya ce uwar yarinyar nan tana kwance, kullum tambayarta ɗaya, yaya matsayin 'yata. Dangi sun dame shi. Shi kuma ya ga abin da ya gani da idonsa shekara uku da suka wuce, ya ci nama, ya ba da kalma. Ba zai taka kalmarsa ba sai in wanda ya karɓe ta ya mayar masa.

"Jalo, ba zan sake tambaya ba bayan yau. Alamar nan tana nan?"

Na dubi Jannatu. Kanta a ƙasa, hannayenta a kan gwiwa. Na ga tabon a babban yatsanta na dama, fari, kamar ƙunar tanda. Kullum tana miƙo mini kwano da hannun nan, ban taɓa tambaya ba.

Mahfuz yana jira. A waje wani mai keke yana rigima da fasinja a kan canji.

Na ce, "Tana nan."

Ya ce in ƙara faɗa, kunnensa ya yi nauyi.

"Tana nan, Mahfuz. Yana kallon ƙofa."

Ya sauke numfashi, ya ɗauki carbinsa. Ya juya wajenta ya ce, 'yata, kin ji da kunnenki, sai haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Ya ja faranti gabansa ya gutsuri masa, ya ce har yanzu duk Bauchi babu mai hannunta.

Ku zage ni, wurin rubutu na nan a ƙasa, Malama za ta karanta mini duka. Amma wanda bai taɓa haihuwar ɗa ya ɓata ba, ya rage murya.

Jannatu ba ta yi kuka ba. Ta tsiyaya wa kawunta ruwa a kofi, ta tura masa kusa da hannu don kada ya lalube. Ta ce a ci lafiya. Ta miƙe a hankali, ta gyara gyale, ta shige ciki.

Na sa kunne in ji ƙofar madafa.

Ba ita na ji ba. Ƙofar ɗakin batir tana da wani kuka da take yi, na fi kowa saninsa. Na shafa aljihu. Makullin na can a jikin kwaɗo, garin fitowa na bar shi.

Na yunƙura, gwiwar ta ƙi. Mahfuz ya riƙe mini hannun riga, wai ina za ni, bai gama ba ni labarin gyaɗa ba.

Na ɗauka waya za ta fizge. Ina jiran shiru.

Wasan nan in an tsayar da shi ba ya sauti, shekara biyar gidana bai ji muryarsa ba. Sai ga wani kiɗa siriri yana fitowa daga ɗakin, a hankali, kamar ana kaɗa ƙwarya a cikin randa.

Ta sake shi. Mutumin yana iyo, numfashinsa na tafiya.

Mahfuz ya tsaya da tauna, ya karkata kai.

"Jalo, wa ke wasa a gidanka?"